Ragon Taya a Tsohuwar Hanyar Makka

Mutumin da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙasar nan, babban aikinsa kullum shi ne kada a gan shi. Da shi yake tashi, da shi yake kwana. Ni kuwa, da furfurata da komai, sai na je bakin titi na kafa rago na ƙarfe da taya wanda ya fi motar yashi tsawo, na shafe shi da farin fenti, na zauna a gindinsa ina fifita wuta. Idan akwai wautar da ta fi wannan a cikin Hausawan Jidda, labarinta bai zo kunnena ba, kuma ina yawan zama inda ake ba da labarin wawaye. Na faɗa da bakina ne don kada wani ya riga ni. Amma ban ce na yi nadama ba.

Umra na zo, tun kaina yana baƙi. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, na yi aski, jirgi ya tashi, ni ban tashi ba. Na yi dako, na wanke motoci, na yi gadin gidan da ba a gama ginawa ba, daga baya na koma sana'ar gidanmu, wato tsire, wanda Larabawan nan suke kira siriya suna lashe yatsu. A unguwar Karantina na yi aure, a can aka haifa mana 'ya, a can gwiwoyina suka fara ƙara.

Karatuna bai taka kara ya karya ba. Allon titi na Larabci, kafin in haɗa baƙaƙensa mota ta wuce. Saboda haka da abubuwan da aka kafa a shataletale na san Jidda, kuma garin nan ba ya jin kunyar manyan abubuwa. Ga keke wanda ba a haifi mai hawansa ba. Ga jirgin ruwa a tsakiyar kwalta. In za a yi mini kwatance sai a ce ka wuce keken, ka bar jirgin a hagunka. Mu ma a Karantina haka muke yi da namu ƙananan: lungun mai awaki, bayan tankin da ke yoyo, gidan nan mai koren ƙyaure. Koren ƙyauren nawa ne.

Sai aka zo aka shafa jan fenti a bangwaye, aka ba mu wa'adi, katafila ta shigo. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kowa ya riga ya ba da nasa. Ɗakin ma bai ci mini rai sosai ba, na haya ne, kuma in aka yi ruwa ciki yake fara sauka kafin waje. Abin da ya dame ni shi ne kwatance ya mutu. Mutanen da muka tsufa tare suka watse, wasu gabas, wasu kudu. Ka kira mutum a waya ka ce ina kake yanzu, sai ya ce, "Wallahi ban san yadda zan gaya maka ba. Wani gini ne mai ruwan ƙasa, kusa da wani gini mai ruwan ƙasa." A haka ake yin rasuwa ba ka ji ba sai bayan an share makoki.

Ni da Hajiya, matata, muka samu ɗaki a Ammariyya. Wurin sana'a kuwa wani Bahaushen Sudan ne ya taimake ni, mai shagon gyaran taya, banshar kamar yadda ake cewa a nan, can kan tsohuwar hanyar Makka bayan Kilo Sha Huɗu. Shi yana da iƙama, yana da kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, yana da tumbi. Ya ce in ajiye murhuna a gefen shagonsa daga la'asar, amma da sharaɗi.

"Ya Haj, kai fa ba ka nan. In an tambaya, baƙo ne ya zo gaishe ni, ya ji sanyi, ya hura wuta."

Na ce, "Sanyi a Jidda, ya zol?" Haka 'yan Sudan suke kiran juna.

Ya ce, "Kai dai ba ka nan."

Hanyar nan da ita ce hanyar Makka. Duk alhajin da ya sauka a Jidda ta nan ya bi, tun ana bi da raƙumi har aka koma bi da mota. Sai aka yi sabuwa mai faɗi, wadda mota ke gudu ba ta waiwaye, aka bar tsohuwar ga tireloli da masu buga bulo da gidajen shayin da suka ga jiya. In gasa nama, ƙamshi ya tashi, tirela ta wuce ta watsa mini ƙura ta yi gaba. Sau da yawa ni da Hajiya muke cinye hajar. Har ta ce ta gaji da tsire, kuma ina jin ita ce mace ta farko da ta taɓa faɗin haka.

Ina da ɗan ƙanwata da ke tuƙa tirela a Amurka, ba ya aiko da komai sai hotuna. Wata rana ya turo mini wasu a waya, ya biyo su da murya. "Kawu, ka ga wata tsohuwar hanya a nan, ta ratsa fiye da rabin ƙasar. An yi sabuwa an bar ta, kamar taku. Amma mutanen bakin hanyar sun ƙi yarda sun mutu." Na duba. Ga wani ƙaton mutum na roba, ya kai bene tsawo, a tsaye gaban gidan abinci ya miƙa hannu. Ga shuɗin kifi mai dariya a bakin kududdufi, mutane suna shiga ta bakinsa. Ga motoci jere an dasa su da ka a cikin gona kamar rogo, kowa ya zo ya fesa musu fenti ya tafi. Ya ce har daga wasu ƙasashe ake zuwa, a tsaya a ɗauki hoto, yunwa ta kama mutum, ya shiga ya ci abinci.

Na mayar masa da cewa kada ya yi mana burga da motoci, mu ma a Jidda muna da waɗanda aka cusa a cikin dunƙulen siminti. Amma na ci gaba da kallon hotunan har waya ta mutu. Na ce wa Hajiya, "Ashe Turawa ma suna da wawaye, kuma wawayensu sun ci riba."

Ta ce, "Su a ƙasar ubansu suke wautarsu."

Magana ce mai kyau. Ban saurare ta ba.

Tsofaffin tayoyi tuli guda ne a bayan banshar, ba mai so. Rodi kuwa na saya a hannun masu tsintar ƙarfen rusau. Ban san ko na Karantina ba ne, amma na ce na gidanmu ne, wa zai musa mini? A jerin shagunan akwai mai walda ɗan Bangaladash, ba ma jin yaren juna sai na hannu, na riƙa biyansa da tsire. Da Basudanen ya ga an kafa ƙarafa ya tambaya, na ce rumfa nake yi.

"Rumfa mai ƙafa huɗu?"

"Kowace rumfa ƙafa huɗu gare ta, ya zol."

Ya koma shago. Bayan 'yan kwanaki ya sake fitowa da man injin a hannu ya tsaya yana kallo.

"Ya Haj, rumfar taka ta yi wutsiya."

Tayoyin tirela na jera suka zama ciki. Na zura na ƙananan motoci a rodi suka zama ƙafafu. Kan ne ya fi cin wahala: tsohuwar ganga muka bubbuge, na yanka tayar babur na murɗa ta zama ƙaho, na sa masa fitilun mota a matsayin ido. Balami na yi niyyar yi, irin wanda ake layya da shi a gidan masu hali. Abin da ya fito ya fi kama da ɗan raƙumin da ya ci wake ya kumbura. Amma na shafa masa farin fenti, na koma tsallaken titi na kalle shi, na ji abin da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan.

Washegari limamin ƙaramin masallacin da ke bayan shagunan ya zo. Bahaushe ne haifaffen Jidda, matashi, Hausarsa daga maƙogwaro take fita, ammi yake kira na, wato baffa da Larabci.

"Ya ammi, wannan fa gunki ne. Haramun."

"Allah gafarta Malam, wa zai yi wa tsohuwar taya sujada?"

"Ba a nan take ba. Abu mai rai, in ka siffanta shi, ranar ƙiyama za a ce ka hura masa rai. Za ka iya?"

Na ce iskar da ke bakina ko tayar keke ba ta cikawa. Sai na tambaye shi, to in babu kai fa? Ya shafa gemu, ya zagaya ragon, ya ce in babu kai khalas, shi ke nan, ya zama kamar itace.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, ban taɓa jin tausayin rago ba sai ran nan. Na riƙe ƙahon kamar yadda ake yi, mai walda ya sa injin ya yanke. Da na ga wuyan tsirara sai na ce tunda an yanka a yi shi yadda ya kamata, na shafa masa jan fenti. To ashe gyara Malam ya yi mini. Rago mai kai kowa ya saba gani. Ƙaton farin rago a tsaye babu kai, wuya ja, hayaƙin nama yana tashi daga ƙarƙashinsa, wannan ko direban da ke gyangyaɗi sai ya taka birki.

Direbobin tirela suka fara tsayawa. Waɗanda ba su tsaya ba suka ɗauki al'adar danna masa oda in za su wuce, ban san wa ya fara ba. Nama ya riƙa ƙarewa tun kafin isha'i. Hajiya ta koma tambaya ko ban rage mata ko tsinke ɗaya ba.

Amma abin da ya fi ciniki shi ne kwatance ya dawo. "Ka bi tsohuwar hanyar Makka har ka ga ragon da ba kai." Ko makaho in an faɗa wa ɗan jagoransa haka zai iso. Mutanen Karantina suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Mai awakin lungunmu ya zo, babu awaki, ya rame. Tsohuwar da ke sayar da waina a bayan tanki ta zo, ta kama ƙafar ragon tana dariya har da hawaye, ta ce ta san ba wanda zai yi wannan shirmen sai ni. Ranar Alhamis da yamma sai ka ga an shimfiɗa tabarmi a inuwar cikinsa, ana lissafa wa ya rasu, wa aka kama aka mayar gida, 'yar wa ta haihu. Mai ɗaurin aure ya bar mini goro in raba. Mai neman wani ya bar saƙo. Na zama ofishin unguwar da babu ita.

Daga nan sai 'ya'yan ƙasa suka gano wurin, samari da 'yan mata a motoci masu sheƙi, kowa da waya a sama. Su tsaya a ƙarƙashin wuyan, su ɗaga yatsu biyu, su sayi tsire. Kuma kusan kowa sai ya tambaya, "Ya amm, wa ya yi wannan?" Ni kuma in sunkuyar da kai kan wuta in ce ban sani ba, na zo na tarar da shi. Haka na yi ta faɗa, kowace faɗa kamar na haɗiye garwashi. Abin da na yanke hannu a kansa, na ƙona gira wajen walda, ina cewa ban san mai shi ba kamar ɗan da aka tsinta.

Rannan wani saurayi ya tambaya, wayarsa a saitin fuskata, ina ganinta sarai. Na ajiye mafici, na miƙe, na gyara hula, na bugi ƙirji na ce, "Ana." Ni ne. Har na zagaya da shi na nuna masa inda aka yanke kan.

Ba a yi kwana nawa ba 'yata ta kira daga gidan mijinta. Ita Larabci ya fi zama a bakinta, in ranta ya ɓaci Hausar guduwa take. Abin da na tsinta a ciki shi ne, "Baba, fuskarka tana ko'ina!"

Basudanen ma ya gani. Ya jira na gama hura wuta, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Ya Haj, ka san ina ganin girmanka. Amma in aka zo aka same ka a nan, kai tarhil, a sa ka a jirgi. Ni a ci ni tara, kafilina kuma ya kore ni. Ina da 'ya'ya."

Na ce na sani.

"To ɗaya cikin biyu. Ko ka kwance abin nan, mutane su manta da wurin, ka ci gaba da tsirenka shiru kamar da. Ko ka ɗauke murhunka. Shi rago ba a tambayarsa iƙama. Kai da shi ne ba za ku tsaya wuri ɗaya ba."

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Tarhil kuwa kowa a cikinmu ya san ma'anarsa. Ana cewa an mayar da kai gida. Wane gida? Iyayena sun rasu, gidanmu an raba an sayar, garin namu in na sauka sai an yi mini kwatance. 'Yata tana nan, jikokina suna nan, Hajiya da ciwon sukarinta a nan ta san inda take samun magani. In aka ɗauke ni, ba na dawowa.

Da na gaya wa Hajiya ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Kwance shi, Alhaji. Taya ce."

"In na kwance, mutanen Alhamis fa? A ina za su ga juna?"

"Kai ne hakiminsu? In ka bar wurin me za mu ci? Ragon za mu yanka karo na biyu?"

Ta fi ni gaskiya ta kowace fuska. Da safe na ari sifana, na tafi da niyyar kwancewa, Allah ya sani. Na durƙusa a gindin ƙafar baya, na sa sifana a kan noti na farko. Sai ga wata tirela ta taho daga wajen Bahra, direban bai ma san ina wurin ba, ya danna wa ragon oda, dogo, ya wuce.

Na zauna a ƙasa da sifana a hannu. Ɗakin Karantina da aka rushe ban ce uffan ba, don ba nawa ba ne, ƙasar ba tawa ba, katafilar ba tawa ba. Na kwashe tabarmata na fita kamar kowa. Tun da na zo garin nan nake matsawa gefe, nake sunkuyar da kai, nake cewa ba ni ba ne. Yanzu abu ɗaya tak da na kafa da hannuna, shi ma a ce ni zan rushe shi da hannun nawa, don in samu damar ci gaba da zama kamar ba na nan? Notin ya ɗan saki da ma. Na juya sifana na ƙara ɗaure shi. Na bi sauran duka na ɗaure.

Basudanen ya fito yana goge hannu. "Ka fara?"

"Na gama. Murhun zan ɗauke."

Ya dube ni, ya dubi ragon. "Wallahi kai majnuni ne, ya Haj. Cinikin da ba ka taɓa yin irinsa ba za ka bari saboda tsohuwar taya?"

"Tayarka ce ma, ya zol, ka gode mini na kwashe maka shara."

Na kafa masa nawa sharuɗɗan, tunda yanzu ni ne mai bayarwa. In fenti ya koɗe ya sake shafawa. Ranar Alhamis kada ya hana kowa shimfiɗa tabarma. Wanda ya tambayi inda nake, in ya san lungun mai awaki a gaya masa, in bai sani ba a ce mai tsiren ya yi tafiya. Ya ce ya ji. Da za mu ɗora murhun a mota shi ya kama gefe ɗaya, yana ta zagina da Larabcin Sudan, idonsa ya yi ja. Ya ce hayaƙi ne.

Yanzu a wani lungu nake gashi a Ammariyya, bayan wani bango, inda sai wanda hancinsa ya kawo shi. Cinikin bai kai rabin rabin na da ba. Hajiya ta daɗe ba ta yi mini magana ba, in ta kawo abinci da ƙafa take turo kwanon. Amma ina Jidda, ba a sa ni a jirgi ba. Ragon kuma yana tsaye. Ana gaya mini mutanen Alhamis suna zuwa da shayinsu a fulas, an ma ɗaura wani aure da aka fara maganarsa a ƙarƙashin cikinsa. Ni ne kawai ba na zuwa.

Sau ɗaya na kasa haƙuri. Na sa farar jallabiyata ta Juma'a, na fesa turare, na shiga motar haya kamar baƙon da ya zo ganin gari, na sauka bayan la'asar. Fentin ya fara ɓarewa a cinya, Basudanen bai cika alkawari ba, kuma wani mara kunya ya rubuta sunan budurwarsa a ƙafar gaba. Na tsaya na dafa tayar, tana da ɗumin rana. Sai ga wata mota ta tsaya, wani matashi ya fito da matarsa da 'yarsu a kafaɗa. Ya jera su a ƙarƙashin wuyan, ya ja da baya da waya, sannan ya sauke ta ya nufo ni. Na gyara hula. Amsata tana kan harshe, ko da jirgin yana jirana a bayan shagon zan sake faɗa.

Ashe ba tambayar wanda ya yi ragon ce ta kawo shi ba. Ban matsa ko taku ɗaya ba, har suka gaji suka ɗauki hoton da ni a ciki. Abin da ya zo faɗa kuwa, da ladabi ya faɗe shi, hannunsa a ƙirji:

"Ya amm, don Allah ɗan matsa gefe, kana shiga mana hoto."